Tsohuwar lakwal a Yamai: ta wa ce, kuma wa ke biyan gyaranta?

A 2024 ƴan makarantar Nijar ba su koma aji ranar 2 ga Oktoba ba, kamar yadda aka tsara tun farko. Gwamnati ta ɗage komawar zuwa 28 ga watan. Dalili biyu aka bayar: ruwa ya lalata makarantu da dama, waɗanda suka tsaya da ƙafarsu kuma cike suke da iyalan da gidajensu suka faɗi. Ambaliyar wannan daminar ta ci rayuka sama da 300, ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a faɗin ƙasar.

A Yamai lamarin ya bar tambayoyi a bakin iyaye. Wa ke ba da izinin buɗe aji ga wanda ba ɗan makaranta ba? In tebura suka karye, masai ya cika, wa zai biya? Tsohon ginin nan na tsakiyar fili, wanda kakanni suka yi karatu a ciki, akwai dokar da ta hana a rushe shi, ko kuwa ranar da kuɗin bene suka samu shi ke nan? Tambayoyin sun yi kama da juna, amma kowace da ofishin da ke amsa ta. Daga nan ruɗanin yake farawa.

Fili, gini da makulli

A bakin mutane abu ɗaya ne, lakwal, wato makarantar boko. A takarda kuwa abu uku ne.

Akwai fili. Tsarin dokar da Nijar ta gada daga Faransa ya raba dukiyar hukuma gida biyu: wadda aka keɓe don amfanin kowa, irin hanya da makaranta da asibiti, da wadda hukuma ke riƙe da ita kamar yadda mutum ke riƙe da gonarsa. Ta farkon ba a sayar da ita, kuma daɗewar mutum a kanta ba ta mayar da ita tasa, ko da ya shekara 40 yana kasa kaya a wurin. Kafin a sayar ko a ba wani, sai an fara fitar da ita daga wancan rukuni da takardar hukuma. Don haka duk sanda aka ji an yanki gefen filin wata makaranta, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko an yi wannan takarda, da wanda ya sa mata hannu.

Akwai gini. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010, da dokokin zartarwa na Janairun 2016, sun ɗora gini da gyaran makarantun firamare da na ƙananan yara da cibiyoyin yaƙi da jahilci a kan ƙananan hukumomi, na sakandare kuma a kan majalisun jihohi. Malamai da manhaja da jarrabawa suna nan hannun ma'aikatar ilimi. A Afrilun 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun aka naɗa kantomomi. Nauyin bai bar ofishin ba, wanda ke kan kujerar ne ya canza.

Sai makulli, wato wanda ke buɗewa da rufewa kullum. Wannan darakta ne, tare da kwamitin kula da makaranta da kowa ya sani da COGES, ko da yake daga baya an sake masa suna zuwa CGDES. A cikinsa akwai darakta, wakilin malamai, wakilan iyaye, wakiliyar ƙungiyar uwaye mata da wakilin ɗalibai. Kwamitin ba shi da ikon sayar da ko taku ɗaya na fili. Amma shi ne ke sayen kwaɗo in an ɓalle na ƙofa.

Akwai kuma kalmomi biyu da ake ɗauka ɗaya alhali ba ɗaya ba ne: tsohon gini da ginin tarihi. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ita ke kare kayan tarihin ƙasa, sai dai kariyarta mai ƙarfi tana kan abin da aka ƙidaya aka sa cikin rajista. Ginin da aka sa, ba a rushe shi ko a sake masa fasali sai da yardar hukumar al'adu. Wanda ba a sa ba, ko shekararsa 90, a idon ofishin gine-gine aji ne kawai da ya tsufa.

Yadda aka fara gina su

Dokar 1903 ce ta tsara karatun boko a yankin Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka: makarantar ƙauye a ƙasa, ta yanki a samanta, babbar firamare a hedikwata, sannan makarantar horon malamai a Senegal, wadda daga baya aka sa wa suna William Ponty, ga ƴan ƙalilan da suka kai can. Ba don ilimantar da kowa aka yi tsarin ba. Masu mulki suna bukatar tafinta, akawu, malamin asibiti da malamin makaranta, kuma iya adadin da suke bukata suke koyarwa.

Nijar ta zo a baya a wannan layi. Sai 1922 ta tashi daga yankin soja ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka, sai 1926 aka ɗauke hedikwata daga Damagaram aka kawo Yamai, wadda a lokacin ba ta wuce ƴan unguwanni a bakin kogin Isa (wato kogin Neja) ba. Shi ya sa ƴan bokon farko suka yi karatunsu a kan hanya. Boubou Hama, wanda daga baya ya shugabanci majalisar dokoki, ya bi ta Tera, Dori da Wagadugu kafin ya isa William Ponty a tsibirin Gore. Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, ya bi ta Porto-Novo. Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba, shi ma Ponty ya yi. Dukansu uku aikin malanta suka fara yi kafin siyasa. Makarantar gaba da firamare da ta girma a Yamai ita ce ta zama Lycée National, wadda yau ake kira Issa Korombé. Tawa kuma ta yi suna da makarantar horon malamai.

Iyaye ba su yi rububin kai ƴaƴansu ba. Umarni ne ke zuwa wa sarki cewa a kawo yara kaza, kuma labari ne sananne a ƙasar Hausa da ta Zabarma cewa wasu masu sarauta sun ɓoye nasu suka tura ƴaƴan barori da na talakawa. Yaron da ya shiga kuma, in ya yi suɓutar baki da Hausa ko Zabarmanci, sai a rataya masa abin nan da ake ce wa sambol, ya yi ta neman wanda zai sauke wa kafin a tashi. Lokacin da aka sami ƴancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Wanda ya taɓa shiga ajin wancan zamani ya san shi da gani. Bango mai kauri, rufi can sama, baranda a gaba tana tare rana, tagogin da iska ke ratsawa ko an rufe su. Allon a jikin bango yake, siminti ne aka shafe da baƙi. A waje akwai bishiyoyin bedi, da tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a reshe, wanda ake bugawa a madadin ƙararrawa. A watan Afrilu, ƙarfe goma sha biyun rana, irin wannan aji ya fi sabon mai ƙaramin rufin kwano sanyi nesa ba kusa ba. Wani abin da aka bar musu, wanda a lokacin ba a ɗauke shi bakin komai ba, shi ne fili mai faɗi, domin a bayan gari aka yanka shi. Yau garin ya zagaye shi.

Me ya sa ba ta yin ritaya

A wasu ƙasashe, in an ce tsohuwar makaranta, ana nufin wadda yara suka ƙare a cikinta aka mayar da ita gidan tarihi ko zauren taro. A Yamai ba haka zancen yake ba, kuma lissafin jama'a ne ya hana. A 1960 mazauna birnin ba su wuce dubu talatin da wani abu ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya, ƙasar baki ɗaya kuma miliyan 17, daga wajen miliyan 3 a lokacin ƴancin kai. Babu ajin da ya yi tsufan da za a bar shi ya huta.

Kowace gwamnati ta gwada cike giɓin da abin da ke hannunta. A zamanin mulkin Seyni Kountché ƙungiyar matasa ta samariya ta gina azuzuwa da aikin gayya. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yunin 1998, da shirin shekara goma da ya fara a 2003, sun buɗe ƙofa ga ɗimbin yara, aka ɗauki malaman kwantiragi da yawa. Yaran sun fi ginin saurin ƙaruwa, sai aka koma ga zana da itace. A farkon shekarun 2020 hukumomi da kansu suna maganar azuzuwan zana wajen 36,000 a ƙasar. Ranar 13 ga Afrilun 2021 wuta ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu, akasarinsu ƙanana. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, inda aka rasa fiye da haka. Bayan nan gwamnati ta hana sa ƙananan yara a ajin zana. Wanda ke da wannan a ransa zai gane dalilin da darakta ke riƙe da aji mai tsagaggen bango: madadinsa zana ce.

Bayan an tashi

Amfanin da unguwa ke yi da makaranta ba doka ce ta tsara yawancinsa ba, rashin wani wurin ne. Unguwanni da yawa an yanka su fuloti bayan fuloti, ba a bar zauren taro ko filin wasa ba, ko an bari an cinye. Abin da ya rage na kowa shi ne masallaci da lakwal.

Da la'asar samari ke shigowa da ƙwallo, duwatsu biyu ne raga. Bayan magariba wani ajin na masu karatun dare ne, wani na matan yaƙi da jahilci, wani na ɗaliban da ke shirin jarrabawar BEPC ko BAC ta sakandare suna bita a allo saboda gidansu ba wuri. Ƙungiyoyin unguwa suna taro a nan. Masu rigakafin shan inna suna bi ta nan. Ranar zaɓe, kamar 27 ga Disamban 2020 da 21 ga Fabrairun 2021, aji ne rumfar zaɓe, a allon kuma ake zana ƙuri'u da alli, sanda huɗu a tsaye ta biyar a gicciye. A jikin katanga ta waje ga fada da butar shayi, a bakin ƙofa ga mai ƙosai da mai awara.

Damina ce ke kawo amfanin da ya fi nauyi. A Satumban 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali daga 620 ake shelar babban haɗari. Ruwa ya ci madatsai ya shiga unguwannin Lamorde, Karaje, Kirkisoy da Saga. Makarantu aka fara buɗewa, saboda hutu ake yi, kuma su ne ke da rufi da famfo da masai a wuri ɗaya. Da lokacin komawa aji ya matso aka kwashe mutane zuwa sansanoni. Haka aka yi a 2012, haka aka yi a 2024.

Ajin da ya zama ɗakin kwana, kamanninsa daban ne. Ana tura tebura gefe a ɗora wani kan wani, a ɗaura igiya daga taga zuwa taga a rataya zannuwa don raba iyali da iyali. Murhu na baranda, hayaƙi na bin bango. Masai ɗin da aka haƙa don yara na wuni ɗaya yanzu manya ke amfani da shi dare da rana. Ba mugunta ba ce, zama ne. Amma in an tashi, akwai tebur da ya rasa ƙafa, ƙofar da ta bar mazauninta, da ramin da sai an kira mai kwasa.

Inda kuɗin gyara ke maƙalewa

A takarda, ƙaramar hukuma ce ke gyara. A aikace, an miƙa mata nauyi fiye da yadda aka miƙa mata kuɗi, kuma wannan ƙorafi ne da magadan gari suka daɗe suna yi. Masu ba da tallafi daga waje sun fi son sabon gini da za a ƙaddamar a sa masa allon suna, a kan toshe yoyon rufin da aka yi tun kafin a haifi darakta. Hukumar zaɓe, ma'aikatar agaji da masu taro suna amfani da wurin su tafi, ba lallai su bar kason gyara ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a nan masu cin ladan da yawa, askin kuma yakan faɗa kan COGES.

Shi kansa kwamitin yana da tarihi a jihar Tawa. A can ne shirin "Makaranta don kowa", da hukumar JICA ta Japan ta tallafa, ya fara aiki a 2004, da tsarin zaɓen shugabannin iyaye ta ƙuri'ar sirri da tsara aikin shekara a taron gari, kafin a baza salon a ƙasar. Ya yi amfani wajen kawo yara da kafa azuzuwa. Sai dai kuɗinsa karo-karon iyaye ne, jika ɗaya nan, ɗari biyar can. Suna isa alli da tsintsiya da zana. Ba sa isa sauya rufin da gara ta cinye katakonsa.

Ginin ƙasa da na tsohon tubali ba sa jure sakaci. Indararo ɗaya in ya toshe, ruwa ya riƙa bin bango, damina biyu ta isa ta yi ɓarnar da shekara hamsin ba ta yi ba. Faɗuwar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram a Satumban 2024, gini na ƙarni na 19, ta nuna cewa suna da daraja ba sa tare ruwa.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu cewa a adana suna da hujja biyu. Ɗaya ta tarihi ce: a waɗannan azuzuwa aka yi mutanen da suka karɓi ƙasar, kuma Yamai ba ta da tsofaffin gine-gine da yawa da za ta yi asarar wasu. Ɗayar ta aiki ce, wato sanyin ajin da ƙarfin bangonsa. Rauninsu shi ne ba kasafai suke faɗin inda kuɗin za su fito ba, kuma sa gini a rajista yana ƙara sharuɗɗan gyara ba tare da ya ƙara kuɗin gyaran ba.

Masu cewa a rushe a yi bene suna kallon lamba. Inda aji uku ke zaune a ƙasa, bene zai ɗauki shida ko tara, yaran da ke cikin zana su shiga inuwar siminti. Ga uban da ɗansa ke zaune a tabarma cikin yara tamanin, wannan magana ce mai nauyi. Abin da ake mayar musu shi ne cewa yawancin tsofaffin makarantun suna da filin da za a yi benen ba tare da an taɓa tsohon ginin ba, kuma tsakanin rushewa da gamawa akan yi shekaru ana karatu a zana.

Akwai masu ganin a jera shaguna a jikin katanga, haya ta riƙa shiga asusun makaranta, shagunan kuma su zama shinge. Makarantar da ba ta da katanga kowa ya san halinta: babura na ratsawa, awaki na kwana, maƙwabci na matso da bangonsa kaɗan-kaɗan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu adawa suna tambayar hannun da hayar ke faɗawa, da hayaniyar da ke shiga aji, da yadda shagon wucin gadi ke rikiɗa ya zama na dindindin. Rusau ɗin da aka yi a Yamai a 2016 ya kwashe rumfuna da shaguna masu yawa a bakin tituna da kewayen gine-ginen hukuma, kuma ƙananan ƴan kasuwa ne suka fi jin jiki.

Sai muhawarar da ta ƙaru kwanan nan. A Oktoban 2024 aka sauya sunayen wasu wurare a Yamai, titin Charles de Gaulle ya koma Djibo Bakary. A Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa na gwamnatin soja ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. A wannan yanayi wasu na kallon tsohon aji a matsayin ragowar mulkin mallaka, wurin da aka rataya wa yara sambol. Wasu kuma na cewa da hannun talakawan ƙasar aka gina shi, a zamanin aikin tilas, kuma wanda aka sa wa titin sunansa daga irin wannan aji ya fito. Hujjojin biyu daga tarihi ɗaya aka ɗebo su.

Misalin da ake yawan kawowa yana jihar Tawa, ko da yake ba makaranta ba ce. A Dandaji, da tsohon masallacin garin ya lalace kuma ya yi wa jama'a kaɗan, maimakon a rushe shi sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi. Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili ne suka tsara aikin, aka gama a 2018, da magina na yankin da tubalin ƙasa. Darasin da ya shafi lakwal a nan ƙarami ne amma a fili yake: an iya ba tsohon ginin sabon aiki ne saboda an gina wanda zai ɗauki tsohon aikinsa.

Abin da zai taɓa mutane

Ga ɗalibi, kowane mako da aji ya yi a hannun wasu mako ne da ya fita daga shekarar da dama gajera ce, Oktoba zuwa Yuni. Ƴan ajin jarrabawa ne suka fi jin wannan, musamman da yake makarantun kuɗi ba su cika zama mafaka ba, kuma takarda ɗaya za a ba kowa.

Ga iyaye, duk gyaran da hukuma ba ta yi ba yana dawowa a matsayin karo-karo a farkon shekara, lokacin da ake sayen littattafai. Suna da damar neman a karanta musu lissafin kwamiti a babban taro, da tambayar ko an rubuta adadin tebura da halin ƙofofi kafin a ba da aron aji da bayan an karɓa. Inda ake yin wannan ƙidaya, gardamar wanda zai biya takan yi sauƙi.

Ga wanda ruwa ya kora, tsaurara dokar shiga makaranta ba tare da an tanadi wani wuri ba yana nufin kwana a waje cikin Agusta. Barinta a buɗe kuma yana nufin za a tashe shi a ƙarshen Satumba, ko ya sami inda zai koma ko bai samu ba. Unguwannin gaɓar kogi na gunduma ta biyar ta Yamai da Saga su ne suka fi shiga wannan hali.

Ga tsofaffin ɗalibai da ke son a kare ginin da suka yi karatu a ciki, hanyar tana bi ta ma'aikatar al'adu, da takardar neman a sa shi cikin rajista, ba ta ofishin darakta ba. Kafin amsa ta fito, abin da ke hannunsu shi ne na magina: a share indararo, a toshe yoyo, a yi yaɓe kafin ruwan farko na watan Yuni.